Ƙishirwar Inna a Alƙahira

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a ƙasar Masar shi ne mutumin da har gobe ban yafe wa ba. Sunansa Alhaji Lawali, ɗan Maradun ne, ya daɗe zaune a Alƙahira. Sana'arsa karɓar marasa lafiyan da ke zuwa daga gida: ya taro su a filin jirgi, ya sama musu masauki, ya kai su asibiti, ya yi musu tafinta. Ranar da muka sauka na hango shi cikin farar shadda, ya ware hannuwa tun daga nesa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna a kan keken da aka turo ta, ya tambayi Mafara, ya tambayi Bakura, ya tambayi ruwan Bakolori da shinkafar bana. Ni da na yini ban gane abin da kowa ke faɗi ba, sai na ji ƙwalla na neman zubo mini. Na ce a raina Allah ya haɗa mu da na gari.

Sunana Haliru, mahauci ne ni ɗan mahauci a Talata Mafara. Karatuna bai wuce sakandare ba, Turancina kuwa irin na karanta takardar magani ne. Inna 'yar Damri ce. Ciwon daji ya kama ta a bakin mahaifa, likitocin gida suka ce sai an gasa ciwon da haske a haɗa da ƙarin ruwan magani, kuma jiran layi zai yi tsawo. Dangi suka haɗa hannu aka ce a fita da ita.

A wurin zaɓen wanda zai raka ta aka yi kuskuren, kuma da ni a zaune aka yi shi. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Bakura, a hannunta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "mutumin Bakura". Ba ta cin abinci a gabana. In na shiga gaishe ta, gefe take kallo, ta amsa a gajarce, ni ma in yi ƙasa da kai in fita. Kowa a gidanmu ya san wannan kunyar, har yaba mata ake yi a kanta. Amma da aka zo maganar tafiya, Baffa, wan mahaifina, ya ce ni ke da Turanci kuma ni muharrami ne, ƙanwata Saratu tana da tsohon ciki. Alhaji Lawali kuma ya riga ya faɗa a waya cewa ɗaki biyu ya tanada, da mace 'yar gida da za ta kula da Inna. Babu wanda ya sake tunani a kai, har ni.

Zangonmu na farko wani dogon bene ne a unguwar da rana ba ta sauka ƙasan lungu. Hawa na biyar, lif ya mutu. Na duƙa zan goyi Inna, ta ja da baya kamar na miƙo mata wuta. Da ƙafarta ta hau, tana hutawa a kowane hawa, ni ina biye da kaya ina kallon bango. Da Alhaji ya buɗe ƙofa sai ga ɗaki ɗaya: gado ɗaya, doguwar kujera ɗaya, banɗaki a cikin ɗakin da ƙofar roba mai naɗewa wadda ba ta kaiwa bango. Na dube shi. Ya yi murmushi ya ce na kwana biyu ne kawai, masu ɗaki biyun za su tashi ranar Juma'a. Matar da za ta kula da Inna kuma ta je haihuwar ɗiyarta, tana nan dawowa. Juma'a shida muka yi a ɗakin nan. Matar kuwa ina jin har yau ɗiyar tata ba ta haihu ba.

Asibitin babba ne, mai tsabta, ba ni da abin faɗi a kansa sai alheri. Ranar Litinin ta farko, kafin a shiga da Inna wurin gashi, wata nas ta kawo mana takarda da biro. Rubutun Larabci ne a gefe ɗaya, Turanci a ɗayan. A sama an zana ma'aunin zafin jiki, daga sifili zuwa goma, an ce mara lafiya ya kewaye lambar da ta yi daidai da damuwar da ke ransa a makon nan. A ƙasa kuma tambayoyi ne a jere. Masauki ya yi maka? Kana samun abin hawa? Kana cin abinci? Kana barci? Wanka da shiga banɗaki fa? Tsoro, baƙin ciki, kaɗaici, ibada, duk an sa. Ina cikin haɗa baƙaƙen, Alhaji ya zare takardar daga hannuna ya ja ni gefe.

"Haliru, saurara in hwaɗa maka," in ji shi da murya ƙasa-ƙasa. "Takardag ga tarko ta. In kar rubuta tana da damuwa, wurin masu taɓin hankali za su aika ta, su tsai da magani. Na ga wanda anka yi ma haka. Kewaye sifili, ka ce babu ga komi, mu wuce."

Na gaskata shi. Duk da haka na koma wurin Inna don in sauke nauyi. Na tsuguna gefen kujerarta, ina kallon takalmina, na ce sun ce a tambaye ta ko tana barci. Ta ce Alhamdulillahi. Ko tana cin abinci. Alhamdulillahi. Da idona ya kai kan layin wanka da banɗaki, sai na tsaya. Ta ina zan fara yi wa uwar da ta haife ni wannan tambaya? Na tsallake shi, na tsallake na ƙasansa, na kewaye sifili na miƙa.

Bayan mako biyu Alhaji ya daina zuwa, sabbin baƙi sun sauka. Wayarsa ta yi ta ringi har ta gaji. Takardar kuwa duk Litinin sai an kawo, ni kuma na ƙware, kafin nas ta juya na cike na ba ta. Ta kan duba ta yi murmushi, ta ce da Turanci Mama jaruma ce. Ni har daɗi nake ji, ina ganin na kare uwata daga tarkon da aka ɗana mata.

Alhali Inna ƙarewa take yi a gabana. Fatar hannunta ta bushe, leɓɓanta suka tsattsage, muryarta ta koma can ciki. In na kawo abinci ta ce in aje nan. Sai in fita in zauna a matakala don ta samu sakewa, in ba ta rabin awa, in dawo in tarar ta taɓa loma biyu ta rufe. Gorar ruwan da na aje da safe, da la'asar ba ta sauka da faɗin yatsa biyu ba. Na ɗauka abincin ƙasar ne bai karɓe ta ba, don ni kaina gurasa da dafaffen wake sun fita raina tun makon farko. Na yi kewar tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi kewar hayaniyar kara ranar Talata, har ƙudan mahauta na yi kewa.

A bakin lungunmu akwai wani dattijo mai saida nama. Nakan tsaya in zuba masa ido yana aiki, saboda shi kaɗai ne abin da na gane a garin nan ba tare da tafinta ba. Rannan na ga yana fama da gaɓar cinya, bakina ya suɓuce na nuna masa wurin da yatsa. Ya dube ni, ya juyo mini da ƙotar wuƙa. Sau ɗaya na zura, cinyar ta rabu. Ya yi dariya har da buga katako, ya kira maƙwabtansa su ga baƙon da ya fi shi. Daga ranar kullum sai ya ɗaure mini ƙashi da ɗan tsoka a takarda, in na ciro kuɗi ya ɗaure fuska. Da shi nake yi wa Inna romo irin na gida, da citta da masoro. Takan kai kwanon bakinta ta shaƙi ƙamshin, ta kurɓa sau ɗaya ta aje.

A mako na huɗu likita ya kira ni ofishinsa. Ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce maganin da ake ƙara mata yana da ƙarfi a kan ƙoda, dole ta sha ruwa da yawa, ya nuna mini manyan gorori biyu a kan teburinsa. In jininta ya ci gaba da nuna abin da yake nunawa, za su dakatar da komai, kuma irin wannan gashin ba a son a yanke shi a tsakiya. Ya tambaye ni ko akwai abin da ke damunta a masauki. Ya ɗaga takardun Litinin ya duba, duk sifili. Na ce babu. Da muka koma na faɗa wa Inna abin da likita ya ce, ina fuskantar taga. Ta ce to.

Na nemi Alhaji na same shi a wani shagon shayi inda yake zama, da wayoyi biyu a gabansa. Ya sa aka kawo mini shayi, ya ce tsufa ne da kewar gida, duk tsofaffinmu haka suke yi. Ɗaki biyun kuwa saura ƙiris. Ya cika ni da romon baka na tashi ina yi masa godiya. In na tuna wannan godiyar har yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Da safiyar wata Laraba, a mako na shida, muna saukowa za mu asibiti, Inna ta kai hawa na biyu ta dafa bango ta sulale. Matar maigadin benen ce ta ji faɗuwar, ta hauro da gudu, ƙatuwar mace, ta sungume ta kamar yarinya ta sauko da ita. Mijinta ya tsayar da tasi a tsakiyar titi. A asibiti aka ce ƙoda ta taɓu saboda rashin ruwa a jiki. Aka ba ta gado, aka ɗaura mata ruwa, aka dakatar da gashi da magani gaba ɗaya.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata budurwa mara lafiya, uwarta na jinyarta. Uwar baƙa ce doguwa, ta naɗe jikinta da lafaya irin ta matan Sudan. Kwana biyu muna gaisawa da kai. A na uku ta ji Inna na salati tana 'yan maganganu ita kaɗai, sai ta miƙe ta zo bakin gadon ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Daga wace ƙasa?" Ashe ta iya Hausa. Sunanta Hajja Zahra. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙin ƙasarsu ne ya koro su Masar. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakata, da ɗan Larabci a tsakani.

Litinin ta zagayo, nas ta kawo takarda har gado. Na ciro biro zan yi abin da na saba. Hajja ta ɗora tafin hannunta a kan takardar ta tambaye ni me zan rubuta. Na gaya mata, na ƙara da gargaɗin Alhaji, har ina ba ta shawara ta yi hattara da ta ɗiyarta. Ta dube ni. Sannan ta ce wanda ya faɗa mini haka bai ji tsoron Allah ba. Takardar nan wurin wata jami'a take zuwa a hawan ƙasa, wadda aikinta ke nan, duba abin da mara lafiya ya rasa bayan magani. Ta dalilinta aka sama wa Hajja da ɗiyarta wuri a wani gidan mata marasa lafiya kusa da asibitin, na masu taimako, da mata masu jinya, da motar da ke kawo su. Ba a taɓa tsayar wa kowa magani don ya ce yana cikin damuwa ba.

Sai ta tambaye ni, "Kai na nawa ne gare ta?"

Na ce na fari.

"Na fari. Kuma kai ka tambayar ta?" Ta karɓe biron daga hannuna. "Ɗan nan, tashi ka fita. Kada ka dawo sai na kira ka."

Na zauna a benci a baranda kusan awa ɗaya. Ana wucewa da marasa lafiya, ana goge ƙasa, ni ina zaune. Can na jiyo wani sauti daga ɗakin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Sai da na kasa kunne sosai na gane kukan Inna ne.

Hajja ta fito da takardar. An kewaye tara, da wani karkataccen zagaye na hannun da bai saba riƙe biro ba. Layukan ƙasa kuwa kusan babu wanda ba a yi wa alama ba. Ta tsaya gefena tana kallon bango, ta ce za ta faɗa mini sau ɗaya, don ita ma nauyin maganar take ji. Gashin nan yana sa gudawa da yawan fitsari, ga jini da bai tsaya ba. Banɗaki a cikin ɗaki, ƙofa ba ta rufuwa, ni kuma ina kwance a kujera taku uku daga wurin. Sai Inna ta yanke wa kanta shawara: in ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba za ta buƙaci shiga ba. Tsummokaranta takan wanke su in na fita, ta rasa inda za ta shanya ban gani ba, ta cusa su a jiƙe ƙarƙashin katifa, ta sake amfani da su haka, har jikinta ya yi gyambo. Ta bar salla mako biyar saboda tana ganin ba ta da tsarki. Hajja ta ce a kan wannan na ƙarshen ta yi kukan. Ba mutuwar take tsoro ba kamar ta mutu ba ta salla.

Mako shida uwata na kwana da ƙishirwa, da gorar ruwa a gefen kanta, a garin da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa. Ni ina taku uku daga gare ta ina rubuta sifili.

Jami'ar ta hauro da kanta a ranar. Da Hajja ta fassara mata labarin, ta cire tabarau ta aje. Ta ce ta daɗe tana mamakin yadda duk marasa lafiyan da mutumin nan ke kawowa ba wanda ke da damuwa ko ɗaya. Ba ta faɗi fiye da haka ba, Hajja ce ta ƙarasa mini a waje. Duk wanda takardarsa ta nuna yana buƙatar masauki, za a ɗauke shi daga ɗakunan Alhaji, shi kuma daga ɗakunan nan yake ci.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni shagon dattijo mai nama ba. Na tsaya a gaban katakonsa, idona a kan wuƙaƙe. Ba zan yi ƙarya ba, na san wadda nake kallo, kuma na san inda zan sa ta. Dattijon ya ɗago ya dubi fuskata. Bai tambaye ni komai ba, da ma ba mu da harshen tambaya. Ya tattara wuƙaƙen ya zuba a aljihun tebur ya tura da gwiwa, ya jawo kujera ya danna ni a kai, ya sa mini kofin shayi mai zafi a hannu. Ya tsaya a kaina sai da na shanye. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ko sunansa ban iya faɗi daidai ba.

Da hannu wofi na je wurin Alhaji. Na faɗa masa abin da na faɗa, da muryar da ta sa masu shago suka juyo. Ko gezau bai yi ba. Ya bari na gama, ya gyara hularsa.

"Haliru, ka yi haƙuri, nan kowa neman abincinai shikai. Ni nac ce ta bar shan ruwa? Kuma takardun nan, hannuna ar rubuta su ko naka?"

Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta, kuma ya san da haka ya faɗe ta. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi. Na ce kuma kafin Allah ya yi nasa, ni zan fara nawa.

Washegari na fara. Na san mutanen Alhaji a ɗakin jira, da hulunansu da zannuwansu ba sa ɓacewa. Duk safiya nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in gaishe su gaisuwar gida, in zauna, in ba su labarin Inna iya abin da bakina zai iya faɗi. Matan kuma Hajja ke shiga da su gefe ta yi musu tambayoyin, bayan ta kori mazansu da 'ya'yansu. Wani dattijo ɗan Bakura da ya yi wata biyu yana cewa lafiya lau, ashe rabonsa da barci tun saukarsa, yana zaton ƙafar za a yanke masa, babu wanda ya yi masa bayani. Kafin wata ya ƙare gida biyar sun bar ɗakunan Alhaji. Ya kira ni a waya, shi da wayarsa ba ta ɗaguwa, ya yi lallashi, ya koma barazana. Na sa shi a lasifika mutanen ɗakin jira suka ji da kunnensu. Na ji daɗin ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Inna ta koma gidan matan. Maza ba sa wuce falo, kuma hakan ya yi mata daidai. Wata malama ta zo ta yi mata bayani ta bakin Hajja, cewa jinin ciwo ba ya hana salla, ta yi tsarki iya iyawarta ta yi a zaune. Rannan na zo kawo romo, ta ƙofar falo na hango ta a tsakar gidan cikin mata, ta riƙe babban kofi da hannu biyu tana sha, tana sha, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙarshensa. Ba ta san ina kallo ba. Na aje kwanon wurin mai tsaron ƙofa na fita da sauri.

Sai bayan mako uku ƙodarta ta yarda aka koma gashi. Aka ƙarasa, aka sake hoto. Likita ya zaunar da ni, wannan karon da Hajja a gefe, ya ce ciwon ya riga ya wuce inda suke fata. Na tambaye shi ko da ba a yanke maganin ba da ta warke. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan haka ba, ko ta wane gefe. Ya ce a kai ta gida cikin 'yan uwanta.

Wata huɗu ta yi a Mafara. Saratu ta haihu, Inna ta ga jaririyar, ta yi mata wasa. Ta rasu da damina, ranar wata Alhamis bayan ta yi azahar a zaune. Rai na Allah ne, ban taɓa cewa Alhaji Lawali ya kashe ta ba. Ƙishirwar nake bin sa.

Kwana biyu da rasuwar Saratu ta kira ni zaure ta ce akwai saƙon da Inna ta bar mini. Ta ce a faɗa wa mutumin Bakura ta yafe wa kowa, shi ma ya bar abin, ba laifinsa ba ne. Na ce na ji. Yafewar Inna tata ce, ta tafi da ita wurin Ubangijinta. Tawa ban bayar ba.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, mutanen Damri da na Bakura da abokan sana'armu sun cika rumfa. Rana ta take bayan ruwan safe, ana ta zufa. Sai ga mota ta tsaya, Alhaji Lawali ya fito cikin farar shadda. Ashe ya zo gida hutu, kuma ya ji irin abin da nake faɗi a kansa a kara duk Talata. Tare da shi akwai wani manomi ɗan Tsibiri da ke shirin ba shi matarsa ya kai ta magani. Ya cire takalmi, ya bi manya da hannu biyu, ya zauna kusa da Baffa ya ja doguwar addu'a. Ya ce marigayiya uwa ce a gare shi, sun yi iya ƙoƙarinsu a can, kwana ne ya ƙare. Mutane suna ta amin.

Baffa ya jawo kula ya zuba ruwan sanyi a kofin silba, ya miƙa wa baƙo da hannunsa. Alhaji ya miƙo hannu. Na riga shi. Ban taɓa karɓar abu daga hannun Baffa ba tare da ya ba ni ba sai ranar. Na miƙe tsaye da kofin.

"Haliru, mi a haka?" in ji Baffa. "Baƙo na, kuma gaisuwa yaz zo."

"Baffa, ka gafarce ni. Mutumin ga ba ya shan ruwa gidan ga."

Na karkata kofin a hankali a gaban gwiwoyinsa har ya ƙare, ƙasa ta shanye. Sannan na juya wurin mutumin Tsibiri na ba shi labarin tun daga hawa na biyar, da nawa laifin a ciki, a gaban kowa. Baffa ya buɗe baki zai tsawata mini, da na kai kan gorar ruwan sai ya rufe, ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya sake zuba wani kofin. Alhaji ya zauna tsuru-tsuru yana lasar leɓe, can ya tashi ya shiga neman takalmansa a cikin na jama'a, shi kaɗai.